A kawo wurin dangwale kusa da talaka

Duk wanda ya taɓa haɗa dosiye domin jarrabawar shiga aikin gwamnati a ƙasar Nijar, ko ya nemi rajistar kasuwanci, ko ya yi niyyar tsayawa takarar zaɓe, ya san takardar nan da ake kira kaziye, wato shaidar da kotu ke bayarwa a kan hukunce-hukuncen da aka taɓa yanke wa mutum. Ga mafi yawan jama'a takarda ce mai shafi guda, wadda iyakar abin da take faɗa shi ne babu kome. Amma kafin a kai ga wannan babu kome, sai an kashe kuɗin mota, an bar rumfa ko aji, an kwana gidan wani. A shekarun baya-bayan nan kuma wani sharaɗi ya ƙaru a kan na da, wato dangwale. Ba a yin fasfo sai an ɗauki zanen yatsu, haka biza ta ƙasashe da dama, haka kuma binciken hali da wasu ƙasashen waje ke nema kafin su ba mutum aiki ko takardar zama. Shi ya sa tambayar da ake yawan ji a tasha da bakin ofisoshi ita ce: ina ne wuri mafi kusa da za a ɗauki yatsun mutum a ba shi shaida?

Wannan tambaya ta cancanci amsa daga hukuma, domin hukumar da ta ɗora wa ɗan ƙasa nauyin kawo shaidar halinsa, ita ke da nauyin ajiye wurin ba da shaidar inda ƙafarsa za ta iya kaiwa. In ba haka ba, sharaɗin ya zama haraji ke nan, harajin da ba majalisar da ta taɓa yin muhawara a kansa, wanda kuma na nesa ya fi na kusa biya.

Asalin wahalar yana cikin tsarin da aka gada. Dokar shari'ar laifuka ta 1961 ta ɗauko tsarin Faransa na wancan lokaci. Idan an yanke wa mutum hukunci a ko'ina cikin ƙasa, magatakardan kotu zai cika wata ƴar takarda ya aika da ita kotun da garin haihuwar mai laifin ke ƙarƙashinta, can ne ake ajiye ta. Daga wannan ajiya ake fitar da kaziye iri 3: lamba 1 ta alƙalai ce, lamba 2 ta wasu ma'aikatun gwamnati, lamba 3 ita ce ake miƙa wa mutum a hannunsa. Hikimar tsarin a fili take, domin mutum na iya canja gari sau goma, amma wurin haihuwarsa guda ne. A zamanin da ba kwamfuta, da wuya a sami dabarar da ta fi wannan. Sai dai an ƙera ta ne don ƙasar da ke da kotu a kusan kowace gunduma, da layin dogo, da gidan waya mai kai wasiƙa cikin kwana biyu, da littafin haihuwa da ba ya tsallake kowa.

Nijar kuwa faɗinta kilomita murabba'i miliyan 1 da dubu 267 ne. Daga Yamai zuwa Maraɗi akwai fiye da kilomita 650, zuwa Damagaram kusan 900, zuwa Difa fiye da 1300. Dokar tsara kotuna ta 2004 ta ba wannan faɗin ƙasa manyan kotuna 10, a Yamai, Tilaberi, Doso, Ƙonni, Tawa, Maraɗi, Damagaram, Difa, Agadas da Arlit, sai ƙananan kotuna a gundumomi. Ma'aikacin gwamnati kuma ba shi ke zaɓen inda za a tura shi ba. A ɗauki misalin malamin kwantiragi da aka haifa a Magariya, aka ba shi aji a Tera, sai ga sanarwa ta fito ta ɗaukar ma'aikata na dindindin, da wa'adin ƴan makonni. Takardar da za ta shaida halinsa tana can gabas, shi yana yamma, albashinsa kuwa bai isa ya ɗauki zuwa da dawowa ba tare da ya taɓa abincin gida ba. Bugu da ƙari, dosiye ba ya karɓar kaziyen da ya wuce wata 3. In an ɗage jarrabawa, ko wata ta fito bayan wata huɗu, sai a sake komawa farko.

Ƴan kasuwa ma ba su tsira ba. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke ciki, da aka sabunta a 2010, ta yi sassauci: mai neman rajista na iya rubuta takardar rantsuwa cewa ba a hana shi kasuwanci ba, a ba shi lambarsa, amma sai ya kawo kaziye cikin kwana 75. Ɗan Tawa mai shago a Babbar Kasuwar Yamai, ko ɗan Tasawa mai sayar da kayan gyaran mota a Arlit, ya san abin da rufe shago na mako guda ke nufi. Ana kukan ƴan kasuwa ba sa son shiga rajista, ana zargin su da gudun haraji. Akwai masu gudun harajin, ba shakka, amma akwai kuma waɗanda zirga-zirgar takardu ce ta kore su tun kafin su kai ga maganar haraji.

Jama'a sun daɗe da gano hanyar rage wannan wahala. Akan ba direban bas kofin takardar haihuwa, a aika wa wani ɗan'uwa kuɗin tambur da na shan ruwa, shi ya je kotu, ya sa takardar cikin ambulan ta dawo. Wanda ba shi da kowa a garin sai ya faɗa hannun ƴan komisho masu rakuɓe a bakin ƙofa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To amma dangwale ya toshe wannan hanya. Ana iya aika takarda, ana iya aika kuɗi, amma ba a aika yatsa. A da akan ce zuwa da kai ya fi aike, a matsayin shawara; yanzu ya zama dole. Ke nan duk lokacin da wata hukuma ta ƙara sharaɗin ɗaukar yatsu ba tare da ta ƙara wuraren ɗauka ba, ta ninka wa na nesa wahala ne, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Wannan ba dalili ne na ƙin dangwale ba. Tsohon tsarin, duk da wahalarsa, bai ko cika aikin da aka yi shi dominsa ba. Kaziye na tsaye ne a kan abu uku: suna, ranar haihuwa da garin haihuwa, kuma duk ukun suna da rauni a wannan ƙasa. Binciken lafiyar jama'a na 2006 ya nuna kashi 32 cikin ɗari ne kawai na yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa; na 2012 ya nuna kashi 64. Manya da yawa takardar haihuwarsu jujuma ce, wato wadda alƙali ke bayarwa daga baya bisa maganar shaidu, shi ya sa ake ganin ranar 1 ga Janairu ta yi yawa cikin takardu. Sunaye kuwa, a gunduma guda ana iya samun Abdu ɗan Musa ashirin, duk haihuwar shekara guda. Tsarin da ya dogara ga wannan yana iya ɗora wa mai gaskiya laifin takwaransa, kuma hanya a buɗe take ga wanda aka taɓa ɗaurewa ya nemi sabuwar jujuma a wani gari da wani suna, ya fito da kaziye fari fat. Mai gaskiya ya yi tafiyar kilomita dubu ya kawo shaida, ɓarawo ya samo tasa a kusa. Yatsa kuwa ba a yi masa jujuma. Shi ne shaidar da manomin da bai taɓa shiga lakol ba yake da ita daidai da minista.

Tarihin dangwale kansa ya nuna amfaninsa da haɗarinsa tun daga farko. A ƙasar Indiya aka fara amfani da shi a aikin hukuma irin na zamani, zamanin mulkin Ingila. A 1858 wani jami'in mulkin mallaka, William Herschel, ya sa wani ɗan kwangila ya buga tafin hannunsa a kan yarjejeniya don kada ya yi musu daga baya. A 1877 kuma ya yi amfani da zanen yatsu wajen biyan fansho, don hana wasu ci gaba da karɓar kuɗin matattu. A 1892 aka kama mai kisan kai ta hanyar zanen yatsa a Ajantina, a 1897 kuma aka buɗe ofishin ajiyar zanen yatsu a Kalkata. Amma a 1907 hukumar Turawa ta yankin Transvaal, a Afirka ta Kudu, ta tilasta wa Indiyawa ba da yatsu goma don a riƙa bin sawunsu, abin da ya sa Gandi da mutanensa suka ƙona takardun rajistarsu a Johannesburg a 1908. Tawada guda ce ta kare kuɗin baitulmali, ita ce kuma ta zama takunkumi. Bambancin yana ga wanda ke riƙe da littafin, da dokar da ta ɗaure masa hannu.

Ana iya cewa kai na'ura kowane lungu ya fi ƙarfin ƙasa matalauciya. Ƙasar da kanta ta riga ta ƙaryata wannan magana. Tsakanin 2019 da 2020 hukumar zaɓe ta CENI ta tura ma'aikata da akwatunan na'ura gari-gari, ƙauye-ƙauye, aka ɗauki hoto da yatsun mutane fiye da miliyan 7 da dubu 400 domin zaɓukan Disamba 2020 da Fabrairu 2021. An sami wuraren da rashin tsaro ya hana a kai, amma ga mafi yawan ƙasa an kai, a kan rairayi da laka, har inda ba wutar lantarki. Ranar da ƴan siyasa ke bukatar yatsan talaka, na'ura ta iske shi a gindin bishiyar ƙauyensu. Ranar da shi talakan ke bukatar shaida don neman abinci, sai a ce masa ya zo birni. Duk jam'iyyar da ta yi gardama a kan sahihancin littafin masu zaɓe, ta mulki da ta adawa, ya kamata ta ji kunyar cewa ba a taɓa jin irin wannan gardama a kan nisan kaziye ba.

Wasu ƙasashe masu irin wannan gado sun riga sun sauya. Faransa da kanta ta bar tsarin garin haihuwa, ta tara ajiyar duka wuri guda a birnin Nantes tun 1982. Benin ta fara ba da kaziye ta intanet a 2020, Burkina Faso ta bi sahu a 2023. A ɓangaren ƴan sanda, Nijar na cikin ƙasashen farko da suka shiga shirin Interpol na tara bayanan ƴan sandan Afirka ta Yamma, wanda aka soma a 2012. Fasahar ba baƙuwa ba ce ke nan. Abin da ake jira shi ne a juya fuskarta wajen mai neman takarda, kamar yadda aka juya ta wajen mai bincike.

Akwai kuma masu hulɗa da waje, waɗanda yawansu ke ƙaruwa. Kanada na neman shaidar ƴan sanda daga kowace ƙasa da mai neman zama ya yi wata 6 a jere a cikinta tun da ya cika shekara 18. Wanda ya taɓa zama Amurka, in yana son shaidar hukumar FBI, sai ya aika da zanen yatsunsa goma a kan wani kati na musamman mai lamba FD-258, tare da dalar Amurka 18. Kuɗin ba su ne matsala ba. Matsalar ita ce samun jami'in da ya iya aikin, wanda zai mirgina kowane yatsa daga gefen farce zuwa ɗaya gefen, ba tare da tawada ta yi yawa ko ta yi kaɗan ba, ya duba katin ɗan ƙasa, ya sa hannu. In zanen ya dagule, sai a dawo da katin, a rasa makonni, wani lokaci har da gurbin karatu ko na aiki. Ɗalibin da ya dawo Damagaram, ko likitan da ya dawo Maraɗi, bai kamata ya riƙa yawo daga ofis zuwa ofis yana roƙon a taimaka masa ba. Aiki ne da kowace babbar komisariya za ta iya yi, da farashi a rubuce a bango, da rasit.

Duk da haka akwai abu biyu da wajibi ne a kiyaye kafin a ce kowa ya miƙa hannu. Na farko, ba kowane yatsa ne na'ura ke karantawa ba. Magini mai taɓa siminti kullum, da marini, da majemi, da matar da ta shekara talatin tana daka da wanki, da tsohon da fatarsa ta yi laushi, zanen yatsunsu kan shafe. Akwai kuma waɗanda cuta ko haɗari ya raba da yatsun gaba ɗaya. A Indiya, inda aka yi wa mutane fiye da biliyan 1 rajistar Aadhaar, an ga ƴan ƙwadago da na'ura ta kasa ganewa a wurin rabon hatsi. In na'ura ta ƙi mutum, laifin na'ura ne, kuma lalle doka ta tanadi wata hanya, ta hoto ko ta shaidu, wadda jami'i ba shi da ikon hana kowa.

Na biyu ya fi nauyi, domin kaziye takarda ce mai yanke makomar siyasa. A watan Nuwamba 2020 Kotun Tsarin Mulki ta ƙi karɓar takarar Hama Amadu saboda hukuncin ɗaurin shekara 1 da aka yanke masa a 2017. Magoya bayansa suka ce siyasa ce, masu mulkin lokacin suka ce shari'a ce. Ko wane ɓangare mutum ya tsaya, ya ga yadda layi guda cikin wannan takarda ke iya fitar da mutum daga fage. A 2010 an cire ɗauri daga laifukan aikin jarida, a 2022 aka cire shi daga laifin ɓata suna ta intanet, a watan Yuni 2024 kuma aka maido da shi ga na intanet ɗin. A watan Agusta 2024 aka kafa wani littafi na waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cin amanar ƙasa, wanda ake iya sa sunan mutum ciki tun ana bincike, kafin kotu ta yanke hukunci. A watan Oktoba na shekarar aka janye wa mutum 9 shaidar ɗan ƙasa na wucin gadi. A ƙasar da abin da ke laifi yau kan zama ba laifi ba gobe, jibi ya sake zama laifi, ɗaure tarihin mutum a yatsansa har abada abu ne da ke bukatar shinge mai ƙarfi. Ƙasar da ta yi Taron Ƙasa na 1991, ta zauna wata uku tana sauraron abin da mulkin da ba ya jin tambaya ya aikata, ba ta da uzurin mantawa da wannan.

Shingen kuwa sananne ne. Kaziye ya zauna a hannun shari'a, hukuncin kotu da ya tabbata kaɗai ke shiga cikinsa, ban da zargi, ban da rahoton ɗan leƙen asiri. Yatsun da aka ɗauka don zaɓe ko don fasfo kada a buɗe su ga mai bincike sai da iznin alƙali. Kowane ɗan ƙasa ya sami damar ganin abin da aka rubuta a kansa, ya nemi gyara in akwai kuskure. Wanda aka yi wa afuwa ta doka, ko ya cika wa'adin wanke suna, a shafe nasa a ko'ina, ba a takarda kaɗai ba. An yi dokar kare bayanan jama'a a 2017, aka sabunta ta a 2022, aka kuma kafa hukumar HAPDP don kula da ita. Darajar irin wannan hukuma ana gane ta ne ranar da ta ce wa mai iko a'a.

Abin da ya rage shi ne aiki, kuma ba aikin da ya gagari ƙasa ba ne. A tara ajiyar hukunce-hukunce wuri guda, yadda kowace kotu za ta iya ba kowane ɗan ƙasa kaziyensa, ko ina aka haife shi. A buɗe teburin dangwale a kowace ɗaya daga cikin gundumomi 63, a komisariya ko a barikin jandarma, da farashi guda daga Tera har Gigimi, da na'ura mai aiki da hasken rana. A ƙananan hukumomin da ke nesa da hedikwatar gunduma, a kai na'urar ranar kasuwa, kamar yadda ake kai allurar rigakafi, a sanar a rediyon gari da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Ma'aikatar da ke ɗaukar ma'aikata kuma ta daina aiken ɗan takara tsakanin ofis biyu na gwamnati guda: kaziye lamba 2 don haka aka yi shi, ta nema da kanta, kuma ga waɗanda suka ci jarrabawar kaɗai. Wannan mataki guda, wanda ba ya cin ko dala, zai hutar da dubban matasa da ke kashe jika-jika kowace shekara a kan takardar da ba wanda zai duba in sun faɗi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasashen waje ba za su rage neman yatsu ba, ma'aikatun cikin gida ma haka. Gwamnatin da ta shirya wuraren tun yanzu, ta kuma ɗaure kanta da doka kafin ta tara bayanan mutane, za ta sami littafin da jama'a suka yarda da shi. Wadda ta bar nisa yadda yake, ta ƙara sharaɗi a kai, za ta ci gaba da tace ƴan ƙasa ta hanyar kuɗin mota, alhali kuwa halinsu ta ce tana bincike. Ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikata, waɗanda su ne suka fi kowa biyan wannan haraji, su ya kamata su fara sa maganar cikin jerin bukatunsu.